Tarihin Lafcadio Hearn, baƙon da ya zama ɗan gida a Japan

A ranar 26 ga watan Satumba na shekarar 1904 ne wani malamin jami'a mai suna Koizumi Yakumo ya rasu a birnin Tokyo, yana da shekaru 54 a duniya. Duk wanda ya ji sunan zai ɗauka ɗan Japan ne gaba da baya, alhali kuwa Bature ne, wanda sunansa na yanka shi ne Patrick Lafcadio Hearn.

Shekaru 14 kacal ya yi a ƙasar ta Japan, amma a cikinsu ya rubuta littattafai fiye da goma a kan kasuwanninta da bukukuwanta da tatsuniyoyinta, a daidai lokacin da su kansu 'yan ƙasar ke watsi da waɗannan abubuwa domin su kamo Turai.

Yaron da kowa ya guje shi

An haifi Hearn a ranar 27 ga watan Yuni na shekarar 1850 a tsibirin Lefkada, wanda a yau yake cikin ƙasar Girka, amma a wancan lokaci yana hannun Birtaniya. Mahaifinsa, Charles Hearn, ɗan Ayalan ne, likita a rundunar sojan Birtaniya. Mahaifiyarsa kuwa, Rosa, Bagirkiya ce.

Masu iya magana kan ce kowa ya bar gida, gida ya bar shi. Shi Hearn gida ne ya fara barinsa. Yana da shekaru biyu aka kai shi birnin Dublin, inda mahaifiyar ta kasa jure zaman baƙunta, ta koma ƙasarsu, ba ta sake ganinsa ba. Mahaifin ma ya yi wani auren ya kama gabansa, ya bar yaron a hannun wata tsohuwa 'yar uwar kakarsa.

Yana ɗan shekara 16, a wata makarantar kwana a arewacin Ingila, ya ji rauni a wurin wasa har idonsa na hagu ya mutu. Abin ya tsaya masa a rai, ta yadda daga baya ba ya yarda a ɗauke shi hoto sai ta gefen dama. Ba a jima ba uwar riƙonsa ta karye, aka cire shi daga makaranta, ya sha talauci a Landan. A shekarar 1869 aka saya masa tikitin jirgin ruwa zuwa Amurka, ya tafi ba ko sisi.

Daga Amurka zuwa Martinique

A birnin Cincinnati ya koyi aikin jarida, ya kuma yi suna wajen shiga unguwannin talakawa da na 'yan dako baƙar fata, inda sauran 'yan jarida ba sa leƙawa. A shekarar 1874 ya auri Alethea Foley, wadda aka haifa cikin bauta, a zamanin da dokar jihar Ohio ta hana aure tsakanin fari da baƙi. Wannan ya janyo jaridar da yake wa aiki ta sallame shi, auren kuma bai daɗe ba.

A shekarar 1877 ya koma birnin New Orleans, inda ya yi kusan shekaru goma. Nan ne halinsa ya fito fili: idan ya sauka gari, kasuwa da wuraren sayar da abinci yake fara nema. A shekarar 1885 ya wallafa littafin girke-girken mutanen birnin, da kuma wani da ya tattara karin magana guda 352.

Daga shekarar 1887 ya yi shekaru biyu a tsibirin Martinique da ke ƙarƙashin Faransa, inda ya yi rubutu a kan mata 'yan talla da ke ɗaukar kaya a ka suna ratsa duwatsu daga ƙauye zuwa ƙauye. Garin Saint-Pierre da ya zauna, dutse mai aman wuta ya shafe shi a shekarar 1902, don haka littafinsa ya zama ɗaya daga cikin shaidun yadda rayuwar garin take.

Zaman Matsue

Hearn ya sauka a tashar jiragen ruwa ta Yokohama a ranar 4 ga watan Afrilu na shekarar 1890, a matsayin wakilin wata mujallar Amurka. A ranar farko ya hau irin keken nan da mutum ke ja, ya yi ta zaga tituna yana kallon ƙananan kantuna da shuɗɗan ƙyallayen da ke rataye a ƙofarsu, yana ji kamar ya saye duk abin da idonsa ya gani. Bayan 'yan makonni ya raba gari da mujallar, ya nemi aikin koyar da Turanci.

An tura shi Matsue, wani tsohon gari a gaɓar tekun yammacin ƙasar, inda jirgin ƙasa bai kai ba tukuna. Abin da ya rubuta a kan safiyar garin yana cikin rubuce-rubucensa da aka fi karantawa: dukan taɓarya a wurin masu sussukar shinkafa tun da asuba, ƙarar ƙararrawar gidan ibada, kiran masu tallar kayan lambu, sannan tafin mutanen da ke fitowa bakin kogi suna gaida fitowar rana, da ƙarar takalman katako a kan gada.

Saboda raunin ganinsa, kunne ya fi yi masa aiki, shi ya sa yake kama abin da sauran baƙi ke wucewa ba su lura ba. Ya koma sanya tufafin gargajiya a gida, yana zama a ƙasa. Ya tara lofen shan taba irin na Japan masu yawa, yana kuma sayen gyare masu kuka da ake sayarwa cikin 'yan ƙananan keji a kasuwar dare. A watan Satumba na shekarar 1890 aka ba shi izinin shiga can cikin babban wurin ibadar addinin Shinto na Izumo, abin da ba a taɓa yi wa wani Bature ba.

A shekarar 1891 ya auri Koizumi Setsu, 'yar gidan jaruman gargajiya da ake kira samurai, waɗanda sauyin zamani ya talauta. Hearn bai taɓa ƙwarewa a harshen Japan ba. Matar ce ke bin shagunan tsofaffin littattafai tana nemo labarai, ta karanta, sannan da dare ta ba shi da bakinta cikin sauƙaƙan kalmomi, shi kuma ya sake gina su da Turanci.

Sauya suna da ƙasa

Sanyin Matsue ya fi ƙarfinsa, sai ya koma Kumamoto a ƙarshen shekarar 1891, daga nan kuma ya tafi Kobe a shekarar 1894, shekarar da littafinsa Glimpses of Unfamiliar Japan ya fito.

Haihuwar ɗansa na fari a shekarar 1893 ta sa shi gaba da wani babban zaɓi. Idan ya yi rajistar auren a matsayinsa na ɗan Birtaniya, matarsa za ta rasa zama 'yar Japan, tare da 'yancin mallakar fili a ƙasar haihuwarta. Da yake ya san ɗacin yaron da uba ya yasar, sai ya zaɓi ya bar nasa. A shekarar 1896 ya zama ɗan Japan, ya shiga cikin dangin matarsa, ya ɗauki sunan Koizumi Yakumo.

A wannan shekarar ce ya fara koyar da adabin Turanci a jami'ar Tokyo. Sai dai birnin bai kwanta masa ba, domin Japan ɗin da ya ƙaunata tana ɓacewa a gaban idonsa. Tun daga shekarar 1868 gwamnatin Meiji ta duƙufa wajen gina masana'antu da layukan dogo da rundunar soja irin ta Turai. Da zafi ya kama, yakan kwashe iyalinsa zuwa Yaizu, garin masunta, ya sauka a saman shagon wani mai sayar da kifi.

A shekarar 1903 jami'ar ta ƙi sabunta kwantiraginsa duk da ƙorafin ɗalibai, ta maye gurbinsa da Natsume Soseki, wanda daga baya ya zama shahararren marubuci. Hearn ya koma jami'ar Waseda a shekarar 1904, ya kuma fitar da littafin Kwaidan na labaran fatalwa da aljanu. Ciwon zuciya ne ya yi ajalinsa, aka binne shi a maƙabartar Zoshigaya. Ya bar 'ya'ya huɗu, maza uku da mace ɗaya.

Abin da ya bari

Wasu masana na sukar Hearn da cewa soyayya ta rufe masa ido, ya ƙawata tsohuwar Japan fiye da yadda take, ya kuma ƙi ganin amfanin da ci gaba ya kawo wa talakawa. Duk da haka, 'yan ƙasar da dama ta hanyar littattafansa suka san wasu tatsuniyoyin kakanninsu.

Wani labari da ya wallafa a shekarar 1897, na dattijon da ya cinna wa dammunan shinkafarsa wuta domin mutanen ƙauye su gudo kan tudu kafin igiyar tsunami ta iso, ya shiga littafin karatun firamare na Japan a shekarar 1937. Abin da ya faru a zahiri a shekarar 1854, wanda aka gina labarin a kansa, shi ne dalilin da ya sa Majalisar Ɗinkin Duniya ta zaɓi ranar 5 ga watan Nuwamba, a shekarar 2015, ta zama ranar wayar da kai game da tsunami.

An mayar da Kwaidan fim a shekarar 1964, ya kuma samu lambar yabo a bikin fina-finai na Cannes a shekarar 1965. A shekarar 2014 aka buɗe gidan tarihinsa a Lefkada. A Matsue kuwa, gidan da ya zauna da lambunsa suna nan ana ziyarta, a gefen ganuwar tsohuwar fadar garin.