Paul Ehrlich: Likitan da ya binciki garkuwar jiki

An haifi Paul Ehrlich ranar 14 ga watan Maris na shekarar 1854 a garin Strehlen, wanda a wancan lokaci yake cikin ƙasar Prussia, a yau kuma yake cikin Poland.

Tun yana ɗalibin likitanci ya shaƙu da amfani da rini wajen bambance ƙwayoyin jini. Tarin fuka ya kama shi a shekarar 1888, ya tafi Masar jinya. Bayan ya komo, ya yi aiki tare da Robert Koch a birnin Berlin, ya kuma taimaka wa Emil von Behring wajen daidaita ƙarfin maganin cutar mashaƙo.

A farkon ƙarni na 20, shi da abokin aikinsa Julius Morgenroth suka riƙa yi wa awaki allurar jinin wasu awakin. Sai suka ga jikin akuya yana ƙera sinadaran da ke farfasa baƙon jini, amma ba ya taɓa nasa. Daga nan Ehrlich ya yi hasashen cewa jiki yana da hanyoyin da ke hana garkuwarsa juyowa kansa.

Masana da dama sun ɗauki wannan a matsayin hujjar cewa jiki ba zai taɓa yaƙar kansa ba, lamarin da ya jinkirta bincike na tsawon shekaru. Sai dai tun a 1904 Julius Donath da Karl Landsteiner suka gano cewa a wata cuta garkuwar majiyyaci ce ke lalata jininsa.

Ƙoda ta ƙara tabbatar da hakan. A 1959, Walter Heymann ya haddasa wa ɓeraye ciwon ƙoda a Amurka, ta hanyar yi musu allurar sinadaran ƙodar ɓera. A 1967 kuma, masu bincike suka ɗebo sinadaran garkuwa daga ƙodar majiyyata suka sa wa birai, ciwon ya bayyana a jikinsu.

Ehrlich dai ya samu lambar yabo ta Nobel a 1908 tare da Elie Metchnikoff. A 1910 aka fara sayar da Salvarsan, maganin tunjere da ya samar tare da Sahachiro Hata ɗan ƙasar Japan.

Ya rasu ranar 20 ga watan Agustan 1915 a Bad Homburg, yana da shekaru 61, aka binne shi a Frankfurt.