Malamin makarantar da ke jikin naira biyar

Kai matashin Dabai da ke ƙorafin wai aikin koyarwa ba ya kai mutum ko'ina, lalubo naira biyar, in ma za ka same ta yanzu, ka dubi fuskar da ke jiki. Abubakar Tafawa Ɓalewa ke nan, kuma da alli ya fara.

An haife shi a 1912. Da ya gama Kwalejin Katsina a 1933 sai ya koma Midil ta Bauchi yana koyarwa, har da Turanci. A lokacin ne fa ya rubuta Shaihu Umar, labarin yaron da aka sace har ya tsinci kansa ƙetaren Sahara, uwarsa ta bi sawu ita ma ta faɗa bauta. An buga shi a 1934, yana ɗan shekara 22 kacal.

Da Turancin nan na aji ya yi jawabi a Majalisar Ɗinkin Duniya ranar 7 ga Oktoba 1960, yana Firayim Minista, harkokin waje ma suna hannunsa. A Janairun 1966 ya tara shugabannin ƙasashe renon Ingila a Legas kan rikicin Rodeshiya. Kwana kaɗan da watsewar taron, ranar 15 ga wata, sojoji suka ɗauke shi daga gida. Gawarsa aka tsinta a bakin hanyar Abeokuta.