Ben Shahn: mai zanen da ya ci albashin gwamnati bai zama maroƙinta ba

An haifi Ben Shahn a shekarar 1898 a garin Kovno na ƙasar Lituweniya, wadda a lokacin take ƙarƙashin daular Rasha. Hukuma ta tura mahaifinsa Siberiya bisa zargin siyasar juyin juya hali, amma ya kuɓuta, iyalin suka sake haɗuwa a birnin New York na Amurka a 1906. Tun yana yaro aka sa shi koyon aiki a maɗaba'a, inda ake zana haruffa a kan dutse. Kaifin layin da ya koya a can bai taɓa barin hannunsa ba.

Sunansa ya fito ne a 1932, da ya baje zane 23 kan shari'ar Sacco da Vanzetti, baƙi biyu 'yan Italiya da jihar Massachusetts ta zartar wa hukuncin kisa a 1927 bayan shari'ar da duniya ta yi tir da ita. A babban zanen da ya yi kan lamarin, gawarwakin na kwance cikin akwatuna, a kansu kuma ga dattawa uku na kwamitin da ya amince da hukuncin, ciki har da shugaban Jami'ar Harvard, sun ci ado, biyu na riƙe da furanni. Fuskokinsu kaɗai sun isa tuhuma.

Abin mamaki, wannan mutumin ne gwamnatin Roosevelt ta ɗauka aiki a 1935, lokacin da tattalin arziki ya durƙushe. Ya zaga kudancin ƙasar yana ɗaukar hotunan manoman da ke noma gonar wani da masu haƙar kwal. Daga 1940 zuwa 1942 ya yi zane a bangon hedikwatar da aka gina wa hukumar tallafin tsofaffi da marasa aiki a Washington. Bai tsaya kan girbi da gine-gine ba. A bango guda ya jera marasa aikin yi, da yara 'yan ƙwadago, da tsufa cikin babu, a wurin da ma'aikatan tarayya za su riƙa giftawa kullum.

Ba koyaushe hukuma ta jure ba. A ofishin yaɗa labaran yaƙi, fastocinsa biyu kacal aka buga, domin sauran ba su da irin kirarin da ake so. A zamanin farautar 'yan gurguzu ma an sa masa ido. Ya rasu a New York ranar 14 ga Maris, 1969.