Louis Pasteur: Ɗan Majemin da Ya Tabbatar Yisti Rai Gare Shi

Zangon da ya wuce na zuba ɗan kuɗin da ya rage mini a sana'ar fanke a hostel. Ranar farko, lokacin hunturu, na ce bari in taimaki kwaɓin ya tashi da wuri, na jiƙa yistin da tafasasshen ruwa. Wallahi har la'asar kwaɓi na zaune kamar dutse. Fulawa mudu biyu ta tafi a banza. Neman dalilin wannan asara ne ya haɗa ni da Louis Pasteur.

An haife shi a garin Dole na ƙasar Faransa a 1822. Mahaifinsa majemi ne, jimar fata yake yi. Ya karanci kimiyyar sinadarai a Faris, a 1854 kuma aka naɗa shi shugaban tsangayar kimiyya a Lille. A can wani mai masana'antar barasa ya kawo masa kuka cewa kayansa na yin tsami suna lalacewa.

A lokacin manyan masana irin su Liebig na Jamus sun ɗauka tashin jiƙo ruɓewar sinadarai ce kawai. Pasteur ya ɗebo samfuri ya duba da madubin ƙara girma. A tukunyar da ta yi kyau, ga ƙwayoyin yisti ɓul-ɓul suna tsiro. A wadda ta yi tsami kuwa, wasu 'yan ƙwayoyi ne sirara suka mamaye.

Sai ya shiga kiwon yisti kamar mai kiwon kaji. Ya ba shi ruwa da sukari da gishirin amoniya da ɗan toka, ya ga yana hayayyafa. A 1861 ya nuna cewa idan yisti ya sami iska, yaɗuwa yake yi sosai, idan aka toshe masa ita sai ya koma mayar da sukari barasa da iskar nan da ke kumbura kwaɓi. Ya kuma gano ɗumama ruwan inabi zuwa digiri 55 ko 60 na kashe ƙwayoyin da ke ɓata shi. Dabarar da ake yi wa madara ke nan yau, da sunansa ake kiranta.

Ka ga laifina ke nan. Yisti ɗumi yake so, wajen digiri 30. Ni kuwa 100 na ba shi.

Rayuwarsa ba ta zo da sauƙi ba. Uku cikin 'ya'yansa biyar sun rasu tun suna yara. A 1868 ɓarin jikinsa na hagu ya shanye, amma bai ajiye aiki ba, har a 1885 ya yi wa wani yaro da mahaukacin kare ya ciza allurar rigakafi, yaron ya rayu. Ya rasu a 1895.

Yanzu da ruwa mai ɗumi nake kwaɓi, in rufe, in ajiye inda rana ke bugawa. Masu bin bashin fanke dai, don Allah a biya kafin jarrabawa.