Ignaz Semmelweis: Likitan da ya ce a wanke hannu, takwarorinsa suka juya masa baya

Yau ko ƙaramin yaro ya san cewa likita ba ya taɓa majinyaci sai ya wanke hannu. Amma shekaru fiye da 170 da suka wuce, mutumin da ya nace a kan wannan maganar ya rasa aikinsa, aka mayar da shi abin dariya, kuma ya mutu a gidan mahaukata. Sunansa Ignaz Semmelweis.

An haife shi ranar 1 ga Yulin 1818 a garin Buda, wanda yanzu ɓangare ne na Budapest, babban birnin ƙasar Hungari. Mahaifinsa ɗan kasuwa ne mai rufin asiri. A shekarar 1837 ya tafi Jami'ar Biyana da ke Ostiriya da niyyar karanta shari'a, amma ba a jima ba ya koma fannin likitanci, ya kammala a 1844. A watan Yulin 1846 aka naɗa shi mataimakin Farfesa Johann Klein a sashen haihuwa na Babban Asibitin Biyana.

Asibitin na da ɗakunan haihuwa guda biyu. A na farko ake koyar da ɗaliban likitanci, a na biyu kuma ake horar da ungozomomi. Abin mamaki shi ne, a ɗakin likitoci kusan mace 10 cikin 100 na mutuwa da zazzaɓin jego, alhali a ɗakin ungozomomi adadin bai kai 4 cikin 100 ba. Labarin ya bazu a gari. Mata kan durƙusa suna roƙon kada a kwantar da su a ɗaki na farko, wasu ma sukan gwammace su haihu a bakin titi, kuma waɗanda suka haihu a titin ba su cika kamuwa da cutar ba.

A wancan zamanin ba a san ƙwayoyin cuta ne ke haddasa irin wannan zazzaɓi ba. Manyan likitoci na ɗora laifin a kan gurɓatacciyar iska. Semmelweis ya ga cewa iska ɗaya ɗakunan biyu ke shaƙa, don haka sai ya riƙa gwada kowane zato ɗaya bayan ɗaya. Ya canza yadda mata ke kwanciya lokacin naƙuda. Ya sa limamin coci ya daina ratsa ɗakin da ƙararrawa, ko tsoro ne ke kashe matan. Duk da haka ba a daina mutuwa ba.

Bakin zaren ya fito ne a watan Maris na 1847, lokacin da abokinsa Farfesa Jakob Kolletschka ya rasu. Wuƙar wani ɗalibi ce ta yanke shi a yatsa suna cikin feɗe gawa, ciwon ya ruɓe, ya kashe shi. Da Semmelweis ya duba rahoton binciken gawar abokin nasa, sai ya tarar da irin alamomin da yake gani a jikin matan da zazzaɓin jego ya kashe. A nan ya gane inda gizo ke saƙa. Likitoci da ɗalibai kan fito daga ɗakin feɗe gawa su wuce kai tsaye wajen duba masu naƙuda, ungozomomi kuwa ba ruwansu da gawa. Ke nan hannun likita ne ke ɗauko ajalin matan, har da hannunsa shi kansa, abin da ya tsaya masa a rai har ƙarshen rayuwarsa.

A tsakiyar watan Mayun 1847 ya ba da umarnin kowa ya wanke hannu da ruwan sinadarin kulorin kafin ya taɓa mai haihuwa. Ya zaɓi kulorin ne saboda shi ke kawar da warin gawa, wanda sabulu ya kasa. A watan Afrilu mata 18 cikin 100 ne suka mutu a ɗakin. Zuwa watan Yuni adadin ya sauko kusan 2 cikin 100, kuma a shekarar 1848 an samu watanni biyu da ko mace ɗaya ba ta mutu da cutar ba.

Sai dai gaskiya ɗaci gare ta. Amincewa da maganarsa na nufin likitoci su yarda cewa su ne ke kashe majinyatansu, kuma shi bai iya nuna musu abin da ke manne a hannun ba. Shugabansa Klein bai gamsu ba, ga kuma rikicin siyasar 1848 da ya sa hukumomin Biyana ke yi wa 'yan Hungari kallon tuhuma. A 1849 aka ƙi sabunta masa aiki. Shi ma yana da nasa laifin, domin ya yi shekaru yana jan ƙafa wajen rubuta abin da ya gano.

A 1850 ya koma garin Pest, a 1851 kuma ya karɓi sashen haihuwa na asibitin Saint Rochus. Tsakanin 1851 da 1855, mata 8 kawai zazzaɓin ya kashe cikin haihuwa 933. A 1855 ya zama farfesa a Jami'ar Pest, sai a 1861 ya fitar da littafinsa a kan sanadin zazzaɓin jego da hanyar kauce masa. Manyan masana irin su Rudolf Virchow ba su karɓa ba. Ransa ya ɓaci, ya shiga rubuta buɗaɗɗun wasiƙu yana kiran masu adawa da shi masu kisan kai, abin da ya ƙara nesanta shi da su.

A 1865 halayensa suka fara sauyawa, har iyalinsa da abokan aikinsa suka shiga damuwa. A ƙarshen watan Yuli aka yaudare shi zuwa wani gidan masu taɓin hankali a Biyana. Da ya gane ya nemi fita, masu gadi suka lakaɗa masa duka. Wani rauni a hannunsa na dama ya ruɓe, cutar ta shiga jini, ya rasu ranar 13 ga Agustan 1865 yana da shekara 47. Irin ciwon da ya ƙare rayuwarsa yana yaƙa ne ya yi ajalinsa.

Kwana ɗaya kafin rasuwar tasa, likitan fiɗa Joseph Lister ya fara amfani da sinadarin kashe ƙwayoyin cuta a kan raunin wani yaro a birnin Glasgow, bisa binciken Louis Pasteur na Faransa. A 1879 Pasteur ya nuna ƙwayar cutar da ke haddasa zazzaɓin jego, maganar Semmelweis ta tabbata.

A 1891 aka mayar da ƙasusuwansa Budapest. Gidan da aka haife shi ya zama gidan tarihin likitanci, kuma tun 1969 jami'ar koyon likitanci ta birnin ke ɗauke da sunansa. 'Yan ƙasarsa na yi masa laƙabi da mai ceton iyaye mata. Har gobe kamuwa da cuta bayan haihuwa na cikin manyan abubuwan da ke kashe mata a duniya, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya na ware ranar 5 ga Mayu ta kowace shekara domin tuna wa ma'aikatan lafiya su wanke hannu kafin su taɓa majinyaci.