BERNARD FAGG: BATUREN DA YA FITO DA SUNAN NOK

A kudancin Jihar Kaduna, cikin ƙasar Jaba, akwai wani ƙauye da ake kira Nok. Ba shi da nisa da Kwoi. Ana zuwansa daga Sabon Tasha ta Kaduna a bi hanyar Kachiya, ana kuma ɓullo masa ta Kafanchan. Ƙauyen ƙarami ne, amma babu wani littafin kirki na tarihin Afirka da za a buɗe ba a ga sunansa ba. Da yawa daga cikin mutanenmu na Arewa da ke neman abinci a Ikko, da Badun, da Fatakwal sun sha jin wannan suna a bakin 'ya'yansu 'yan makaranta, ba tare da sun san yadda aka yi ya fito ba. To, sanadin fitarsa wani Bature ne mai suna Bernard Fagg, wanda ya rasu tun 1987.

An haifi Bernard Fagg a Landan ran 8 ga Disamba, 1915. Ya yi karatu a Kwalejin Dulwich, sa'an nan ya wuce Jami'ar Kembirij, inda ya koyi ilmin binciken kayan mutanen dā da al'adun al'umma. Wansa, William Fagg, shi ma ya shahara wajen sanin sassaƙe-sassaƙen Afirka a babban gidan kayan tarihi na Landan. A 1939 Bernard ya shiga aikin mulki na Gwamnatin Ingila, aka turo shi Nijeriya. Bai daɗe da zuwa ba Yaƙin Duniya na Biyu ya ɓarke, aka tafi da shi Gabashin Afirka tare da sojan Afirka ta Yamma. A Kenya ya sadu da Louis Leakey da matarsa Mary, mashahuran masu tonon kayan mutanen farko, ya ga yadda suke aikinsu. A can kuma ya auri matarsa Catherine a 1942. Daga nan aka komo da shi Jos a matsayin ƙaramin jami'in mulki.

KAN DA YA TSARE GONAR DOYA

A wancan zamani haƙar kuza ita ce babbar sana'a a Jos da kewaye, har zuwa ƙasar Jama'a da ta Jaba. Dubban leburori, Hausawa da Birom da Jaba da sauran kabilu, su ke tona ƙasa da diga da shebur, suna ɗauka a kwano suna kai wa wurin wanki. Cikin wannan tono sukan ci karo da tsofaffin abubuwa, kamar duwatsun niƙa, da fasassun tukwane, da irin gogaggen dutsen nan da Hausawa ke kira gatarin aradu.

A 1928 aka tono wani ƙaramin kai na gasasshen yumɓu a ramin kuza na Nok, mai kama da kan biri. Baturen da ke da hannu a ramin, Kanar Dent Young, ya kai shi Jos, aka ajiye a ɗakin ajiya na Ma'aikatar Ma'adinai. Nan ya zauna shekara 15, ba wanda ya kula da shi.

A 1943 kuma aka tono wani kan, na mutum, a wani ramin kuza kusa da Jama'a, cikin ƙasa mai zurfin fiye da ƙafa 20. Wani akawun ramin ya ɗauke shi ya kai gonarsa ta doya, ya kafa shi ya zama mutum-mutumin tsaron gona. Sai da ya shekara a nan kafin manajan ramin ya gan shi, ya kai Jos. A 1944 ya shiga hannun Fagg.

Da Fagg ya dube shi, sai ya tuna da wancan kan na 1928. Ya haɗa su ya gwama, ya ga lalle hannun mutane iri ɗaya ne ya gina su, ko da yake an same su wurare dabam-dabam. Wannan ganewa ita ce tushen dukan aikin da ya yi daga baya. Bai tsaya ba, sai ya tafi Nok, ya bi ramukan kuza ɗaya bayan ɗaya, yana roƙon manajoji da helumomi da leburori cewa duk wanda ya ga irin wannan abu kada ya fasa, kada ya yar, ya ajiye masa. Da haka kayan suka yi ta taruwa. Saboda haka, ko da yake sunan Fagg ne ya shiga littattafai, mai karatu ya sani da hannun leburorin kuza aka fito da yawancin abin da ya fara nazari a kai.

A 1945 ya buga bayaninsa na farko a wata mujallar masana ta Ingila. Ya laƙaba wa mutanen da suka yi waɗannan kaya sunan Nok, bisa al'adar masu wannan ilmi ta kiran tsohuwar al'umma da sunan wurin da aka fara samun kayanta. Watau aron sunan ƙauyen aka yi.

KAMANNIN KAYAN

Wanda ya ga kan Nok sau ɗaya ba zai kasa gane na biyu ba. Idanun masu kusurwa uku ne, an huda ƙwayar ido, da ƙofofin hanci, da kunne, wani lokaci har da baki. Cikinsu holoƙo ne kamar tukunya, hudojin kuwa suna taimaka wa iska ta fita sa'ad da ake gashi, don kada yumɓun ya fashe. Akwai masu kitso iri-iri, da masu gemu, da masu tarin duwatsun ado a wuya da hannu da ƙugu. Akwai kuma siffofin dabbobi, kamar giwa da maciji. Irin wannan aiki ba na ɗan koyo ba ne. Sannu a hankali aka yi ta samun irinsu a wurare masu nisa, tun daga Kagara a Jihar Neja ta yanzu har Katsina-Ala a Jihar Binuwai.

A 1947 Fagg ya bar aikin mulki ya koma Ma'aikatar Kayan Tarihi, ƙarƙashin Kenneth Murray. Babban abin da ya dame su shi ne yadda ake kwashe kayan gargajiya na ƙasar nan ana kai wa Turai. Fagg ya ga maganin abin shi ne a gina musu ɗaki a nan gida, inda kowa zai shiga ya gani. Ya tsaya a kan aikin da kansa, aka buɗe Gidan Kayan Tarihi na Jos a 1952. A 1953 aka kafa dokar hana fita da kayan tarihi sai da izni. Daga baya ya ƙara da gidan namun daji kusa da wurin. Ya yi tono a kogon dutse na Rop kusa da Barikin Ladi tun 1944, ya yi aiki a Ife, ya kuma bincika zane-zanen kan dutse da duwatsu masu amo kamar kuge a Birnin Kudu. A 1957 ya gaji Murray, ya zama shugaban ma'aikatar duka.

MURHUN TAMA A TARUGA

Akwai matsala guda da ta daɗe tana damunsa. Kayan da ake samu a ramin kuza ruwa ne ya kwaso su daga wani wuri ya binne cikin yashi da tsakuwa, don haka ba su nuna inda masu su suka zauna, ko yadda suka rayu. Ya yi ta neman wurin da kayan ke kwance yadda masu su suka bar su, har ya samu a Taruga, kudu maso gabas da tsohuwar Abuja, watau Suleja ta yanzu. Ya fara tono can a 1960, ya yi ta komawa cikin shekarun da suka biyo baya.

A Taruga ya sami gutsattsarin mutum-mutumin Nok tare da murhu 13 na narka tama, da kashin ƙarfe, da gawayi. Shi gawayi yana da amfani ƙwarai ga masu wannan aiki, domin akwai wani sinadari a jikin kowane itace wanda ke raguwa a hankali bayan itacen ya mutu, idan aka auna abin da ya rage sai a ƙiyasta shekarunsa. Da aka auna gawayin Taruga sai aka ga ya haura shekara 2,200. Ma'ana, ana narka tama ana ƙera ƙarfe a tsakiyar Nijeriya ɗaruruwan shekaru kafin haihuwar Annabi Isa. Fagg ya ƙiyasta zamanin Nok daga shekara 500 kafin haihuwar Annabi Isa zuwa shekara 200 bayanta.

Wannan ba ƙaramar magana ba ce a lokacin. A 1963 wani babban shaihin malamin tarihi na Jami'ar Oksfod, Hugh Trevor-Roper, ya fito fili ya nuna cewa Afirka ba ta da wani tarihi da ya isa a koyar, in ban da na Turawan da suka shigo ta. A shekarar nan ce kuwa Fagg ya bar Nijeriya ya koma Oksfod ɗin, ya zama shugaban gidan kayan tarihi na Pitt Rivers, da shaidar Nok a hannunsa.

Ya yi niyyar gina wa gidan sabon mazauni, amma kuɗi ba su samu ba. A 1968 ciwon shanyewar jiki ya same shi, a 1975 ya ajiye aiki. Duk da haka ya daure ya kammala littafinsa kan kayan Nok, aka buga a 1977. 'Yarsa Angela ta bi sawunsa, ta yi tono a Samun Dukiya kusa da Nok. A Nijeriya kuwa Ekpo Eyo ya zama ɗan ƙasa na farko da ya shugabanci ma'aikatar, a 1968. Fagg ya rasu a Oksfod ran 14 ga Agusta, 1987, yana da shekara 71.

ABIN DA YA BIYO BAYA

Daga 2005 masana na Jami'ar Goethe ta Frankfurt a Jamus, ƙarƙashin Peter Breunig, tare da Hukumar Kayan Tarihi ta Ƙasa, sun yi shekaru suna tono a yankin Janjala cikin ƙasar Kagarko. Bincikensu ya nuna zamanin Nok ya girmi ƙiyasin Fagg. Mutanen sun zauna a yankin tun wajen shekara 1500 kafin haihuwar Annabi Isa, sun fara ginin mutum-mutumi wajen shekara 900 kafin haihuwarsa. Manoma ne, suna shuka gero da wake, suna cin atili, an kuma sami alamar kakin zuma a cikin tukwanensu. Gero, da wake, da atili, da zuma, duk suna nan a kasuwar Kafanchan har gobe.

Sai dai abin da Fagg ya ji wa tsoro ya auku. Cikin shekarun 1990 masu tonon sata suka bazu a kudancin Kaduna da maƙwabta, dillalai suna saye da araha suna tsallakewa da kayan, a sayar da su da tsada a Turai da Amurka. A 2000 aka baje waɗansu a gidan kayan tarihi na Louvre a Faris, abin ya jawo surutu, har Faransa ta amince a 2002 cewa mallakar Nijeriya ne, aro take riƙe da su. Masanan Jamus ɗin nan ma sun tarar an riga an birkice yawancin wuraren da suka je.

Asarar ba ta tsaya ga fitar kayan ba. Mai tonon sata kai kaɗai yake nema. Gawayi, da fasassun tukwane, da ƙwayoyin hatsi da ke kewaye da kan, waɗanda su ne ke faɗin shekarunsa da labarin masu shi, watsar da su yake yi, kuma ba su sake haɗuwa. Wannan shi ne dalilin da ya sa Fagg ya ɗauki shekara 16 yana neman wuri irin Taruga.

Mutanenmu da ke Ikko suna iya zuwa Gidan Kayan Tarihi na Onikan su ga kayan Nok da idonsu, su kai 'ya'yansu. Akwai su kuma a gidajen Jos da Kaduna. Wanda ya je gida hutun Salla ko Kirsimeti, ya kamata ya gaya wa 'yan'uwa manoma cewa in garma ta ci karo da irin wannan abu, a bar shi inda yake, a gaya wa mai unguwa ko dagaci, shi kuma ya sanar da Hukumar Kayan Tarihi. Da akawun nan na Jama'a ya fasa kan da ya tsinta, ko ya sayar wa baƙo, da ba mamaki har yanzu Nok tana nan ƙauye kamar kowane ƙauye a ƙasar Jaba.