WALIYYI KAMILUS NA LELLIS, MALAMIN MASU JINYA

A ranar 14 ga watan Yuli ne Ikilisiya takan tuna da Waliyyi Kamilus na Lellis, majiɓincin marasa lafiya da masu jinyarsu. Wasunmu sun san hotonsa: dogon firist cikin baƙar riga, da jan gicciye a ƙirji. Babban aikin da ya bar wa Ikilisiya shi ne koya wa mutane yadda ake kula da majiyyacin da likitoci suka riga suka fid da tsammani a kansa.

An haife shi ran 25 ga Mayu, 1550, a Bukiyaniko, wani ƙaramin gari a ƙasar Italiya. Mahaifinsa hafsan soja ne wanda ba ya zaman gida, mahaifiyarsa kuwa ta rasu tun yana yaro, saboda haka ya tashi babu mai kwaɓarsa. Tun bai kai shekara 20 ba ya shiga soja, ya yi wa Benis yaƙi da Turkawa. Abu biyu ya samo a can: caca, da gyambo a ƙafa wanda bai warke ba har mutuwarsa. Gyambon nan ne ya kai shi Asibitin Waliyyi Yakubu da ke Roma a 1571, inda yake karɓar magani yana kuma yin hidima, amma bayan 'yan watanni aka kore shi saboda faɗa da karta. A 1574 caca ta cinye dukan abin da ya mallaka, har rigar jikinsa, ya koma aikin lebura a wurin ginin 'yan'uwa Kafucin a Manfaredoniya. Ran 2 ga Fabrairu, 1575, alherin Allah ya same shi a kan hanya, ya tuba. Sau biyu ya shiga cikin Kafucin, sau biyu suka sallame shi saboda ƙafar. Sai ya koma asibitin da aka kore shi, ya yi aiki da aminci har aka ɗora shi kan shugabancin ma'aikata.

Ya kamata mu fahimci irin wannan asibiti. An keɓe shi ne domin masu cutar da ba ta jin magani, waɗanda da yawansu ba su da kowa, kuma daga nan sai kabari. Ma'aikatan da ke kula da su 'yan ƙodago ne, babu wanda ya taɓa koya musu kome. Sukan bar mutum kwance cikin ƙazantarsa, yana kiran ruwa da dare babu mai amsawa. A asibitocin wancan zamani har akan ɗauki mutum a kai ɗakin gawa alhali bai cika ba.

Kamilus ya gwada tsawa, ya gwada sintirin dare, ya ga abin bai canza ba. A watan Agusta na 1582 ya ƙudurta tara mutanen da za su yi jinya saboda ƙaunar Almasihu. Domin wannan aiki ya koma makaranta yana da shekara 32, ya zauna aji ɗaya da yara yana koyon Latin. An naɗa shi firist a 1584. Fafaroma Sistus na 5 ya amince da ƙungiyarsa, Masu Hidimar Marasa Lafiya, a 1586, ya kuma yardar musu su sa jan gicciye. A 1591 Fafaroma Giregori na 14 ya mai da ita cikakkiyar ƙungiyar masu alkawari. Ban da alkawaran talauci, tsabtar rai da biyayya, sukan ɗauki na huɗu, wato su yi jinya ko da annoba ce, ko da za su rasa ransu. Wasunsu kuwa sun rasa shi a Napoli, sa'ad da suka shiga jiragen ruwan da annoba ta kama.

A ganinmu, hikimarsa tana nan ne: ya san kyakkyawar niyya ita kaɗai ba ta iya juya majiyyaci a gado ba tare da ta ji masa ciwo ba. Saboda haka ya rubuta wa mutanensa ƙa'idodi dalla-dalla, ya kuma koyar da su da hannunsa. Yakan sa a kawo katifa da zanen gado da matashi a gabansa, ya ce wa sabon shiga ya gyara shimfiɗa ya gani. Ya koya musu yadda ake ɗaga kan wanda ba shi da ƙarfi a ba shi abinci, da yadda ake wanke bakin da ya bushe. Ya umarce su su bi likita sa'ad da yake zagaye domin su ji abin da ya ce, wanda ya kwana gadi kuma ya ba mai karɓarsa labarin yadda kowane majiyyaci ya kwana. Ma'aunin da ya ba su shi ne uwa mai jinyar ɗanta tilo.

Game da masu bakin mutuwa ya fi tsanantawa. Bai yarda a bar su su kaɗai ba, dare ko rana. Bai kuma son doguwar wa'azi a kunnen wanda yake fama da numfashi. Ya fi son kalmomi kaɗan a hankali, da sunan Yesu, da addu'a. Mu da muke zuwa shafa wa marasa lafiya mai mun san sau nawa akan cika ɗaki da surutu har mai ciwon ya rasa natsuwa. Ya kuma kafa doka cewa bayan an ga kamar numfashi ya tsaya, a ci gaba da addu'a kamar minti 15, kada a yi gaggawar rufe fuska, gama ya san an sha kuskure a nan. Mutanensa sukan bi gida-gida su kwana wurin masu mutuwa, har jama'a suka riƙa kiransu Ubannin Kyakkyawar Mutuwa.

Shi kansa bai daina jinya ba ko da yake shugaba ne. Da kogin Tiber ya yi ambaliya a lokacin Kirsimeti na 1598, ya kwana yana kwashe majiyyatan Asibitin Ruhu Mai Tsarki zuwa bene da gurguwar ƙafarsa. A 1607 ya ajiye shugabanci domin ya koma bakin gado. Ya rasu a Roma ran 14 ga Yuli, 1614, yana da shekara 64.

Fafaroma Benedik na 14 ya sa shi cikin waliyyai a 1746. A 1886 Fafaroma Leo na 13 ya mai da shi majiɓincin marasa lafiya da asibitoci tare da Waliyyi Yohanna na Allah, a 1930 kuma Fafaroma Fiyus na 11 ya ƙara musu masu jinya. Mabiyansa sun iso Wagadugu a 1966, suna kuma da asibiti a can mai ɗauke da sunansa.